Birni da Jiki: Tafiyar Ƙasa a Cikin Kano da Ilmin Ƙirar Jikin Ɗan'adam

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, kuma suna cewa gani ya kori ji. Manufar wannan lacca ita ce a gwada waɗannan maganganu biyu a kan abubuwa biyu waɗanda a ganin farko ba su da dangantaka da juna, watau babban birni da jikin ɗan'adam. Birnin da za a duba shi ne Kano, hanyar duba shi kuwa ita ce tafiya a ƙasa, ƙafa da ƙafa, daga ƙofa zuwa ƙofa. Abin da ake so a nuna shi ne, ran birni da ran jiki duka biyu a ƙananan hanyoyinsu suke, kuma wanda bai taka waɗannan ƙananan hanyoyi ba, bai san inda lafiya take zaune ba, balle ya san inda cuta take farawa.

Tun kafin masana su ce uffan, harshen Hausa ya riga ya haɗa wuri da jiki. Akan ce bakin kasuwa, da cikin gari, da bayan gari, da kan tudu, da gindin dutse, da idon rijiya. In an juyo wajen jiki kuma, sai a ari sunayen gini da na kayan gida, a ce ƙofar hanci, da allon kafaɗa, da ƙoƙon kai. Ita kanta Kano, kirarin da aka fi saninta da shi na jiki ne, domin tumbin giwa ake ce mata. Masanan dā su ma sun bi wannan hanya. Alfarabi, wanda ya rasu a shekarar 950, ya kwatanta nagartaccen birni da lafiyayyen jiki wanda gaɓoɓinsa suke taimakon juna. A Ingila kuma, Christopher Wren, wanda ya zana hotunan ƙwaƙwalwa a littafin likita Thomas Willis na 1664, shi ne ya fito da tsarin sake gina Landan bayan gobarar 1666. Saboda haka kwatancin ba sabo ba ne. Abin da ya rage shi ne a ga iyakar gaskiyarsa a ƙasar Hausa.

Daga Fagam Zuwa Ƙofar Birni

A ɗauka wani matafiyi ya taso daga Fagam, ta ƙasar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Ƙasar Gwaram da ta Birnin Kudu a cikin Jihar Kano suke har zuwa shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, don haka hanyar Kano tsohuwar hanya ce ga mutanen wannan yanki. Da can fatake da 'yan ci-rani da almajirai kan yi kwanaki suna taka ta da ƙafa, su da jakunansu. Yanzu kuwa mota kan ratsa Birnin Kudu, ta haye gadar Wudil, ta sauke mutum a Kano cikin 'yan sa'o'i.

Ya kamata matafiyin ya ɗan dakata a Birnin Kudu, domin a duwatsunta, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zane-zanen shanu da mutanen dā suka bari, waɗanda labarinsu ya bazu wajen masana a cikin shekarun 1950. Daga cikinsu har akwai shanu marasa tozo, irin waɗanda ba a kiwonsu a yankin yanzu. Wanda ya zana su ya zauna ya ƙare wa dabba kallo, ya lura da tsawon ƙaho da faɗin ƙirji da inda ƙafa take lanƙwasa. Wannan kuwa shi ne harafin farko na ilmin ƙirar jiki, watau duba abu da ido kamar yadda yake. Mahauci da wanzami da maɗori da ungozoma duk a kan wannan tushe suka gina saninsu. Mahaucin ƙauye ya san mazaunin hanta da saifa da madaciya, maɗori kuwa da yatsunsa yake karanta karaya.

A Turai ma sai da aka koma ga wannan tushe kafin ilmin ya ci gaba. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin littattafan Jalinusa, wanda ya rayu a ƙarni na 2, alhali kuwa yawancin abin da ya rubuta daga fiɗar dabbobi ya samo shi. Sai a shekarar 1543 Andreas Vesalius, malamin jami'ar Padua ta Italiya, ya buga littafinsa bayan ya feɗe jikin mutum da hannunsa, ya gyara kurakurai masu yawa. Wanda ya san birni daga taswira ko daga tagar mota yana matsayin almajirin Jalinusa ne. Wanda ya sauka ya taka, shi ne ya bi sawun Vesalius.

Ƙafa, Abin Hawan Matafiyi

Kafin a shiga birni, wajibi ne a san abin hawan da za a shiga da shi. Baligin mutum yana da ƙasusuwa 206. Daga cikinsu 26 suna cikin kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, watau 52 ke nan a ƙafafu biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan jiki duka. Waɗannan ƙasusuwa ba a shimfiɗe suke ba. An jera su ne a lanƙwashe, daga diddige zuwa gindin yatsu, jijiyoyi masu ƙarfi suna ɗaure da su ta ƙasa. Idan mutum ya taka, lanƙwasar takan ɗan baje ta shanye nauyi, in ya ɗaga kuma ta koma yadda take ta tura shi gaba. Agara, wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin diddige, ita ce mafi ƙarfin irinta a jiki, kuma ita ke ɗaga mutum a kowane taki.

Har ila yau tafiya tana yi wa jini wani aiki wanda ba kowa ya sani ba. Jinin da ya sauka ƙafa dole ne ya hau zuwa zuciya, hawa kuwa ya fi gangara wuya. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini akwai 'yan marufai waɗanda ke buɗewa sama kaɗai. Duk lokacin da tsokar sha-raɓa ta motsa, sai ta matse jijiyar, jini ya haura, marfi ya rufe a bayansa. Shi ya sa wanda ya daɗe a zaune cikin mota daga Gwaram yakan ga ƙafarsa ta ɗan kumbura, in ya sauka ya taka kuma ta saɓe. Lafiyayyen mutum yakan ci kimanin kilomita 5 a sa'a ɗaya. Da wannan saurin ido yana samun damar gani, hanci ya shaƙa, kunne ya ji, baki kuma ya yi sallama.

Ganuwa da Fata

Wanda ya fito daga gabas, Ƙofar Nasarawa ce ta fi masa kusa. A nan zai fara gamuwa da abin da ya rage na ganuwa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, aka ƙara faɗaɗa ta a ƙarni na 17. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta kimanin mil 15, ya ƙidaya ƙofofi 15, waɗanda akan rufe da faɗuwar rana.

Ganuwa ga birni kamar fata ce ga jiki. Fata ita ce mafi faɗin sassan jiki, domin in da za a shimfiɗa ta babban mutum, da ta kusa murabba'in mita 2. Tana tsare jiki daga ƙwayoyin cuta, tana hana ruwan jiki tsiyayewa, tana daidaita zafi ta hanyar gumi. Amma jikin da ba shi da ƙofa gawa ne, saboda haka akwai baki da hanci da kunne da sauran kafofi, kowace da mai gadinta, kamar gashin hanci da ƙwalla da miyau. Haka kowace ƙofar Kano take da Sarkin Ƙofa, kuma kowace da hanyar da ta fuskanta. Ga Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal, ga Ƙofar Ruwa da Dawanau da Waika, ga Kansakali da Kabuga da Dukawuya, ga Gadon Ƙaya da Na'isa da Ɗan'agundi.

Mai tafiya a ƙasa zai ga abin da na cikin mota ba ya gani, watau yadda aka yi ta yagar wannan fata. A wani wuri an kwashe ƙasarta an yi tubali, a wani wuri an gina kanti a kanta, a wani wuri kuma ta zama juji. A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Gaskiya ne cewa tun ran da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 ganuwa ta daina aikin tsaro, kuma birni ya daɗe da tumbatsa ya wuce ta. Amma fata tana da wani aiki bayan tsaro, domin da ita ake gane fuskar mutum. Birnin da ya bar ganuwarsa ta ƙare, wata rana 'ya'yansa za su neme shi su kasa shaida shi.

Fada, Kai da Ƙashi

Daga Ƙofar Nasarawa hanya ta miƙe zuwa fada. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suka ci gaba da zama. Kusa da shi ga Gidan Makama, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi, ga kuma Babban Masallacin Juma'a. A tsarin dā, nan ne kan birni. Umurni yakan fita daga Sarki zuwa hakimai, daga hakimai zuwa dagatai da masu unguwanni, labari kuma ya biyo wannan hanya ya komo. Haka ƙwaƙwalwa take aika saƙo ta cikin laka, wadda ƙashin baya ke tsarewa, zuwa kowace gaɓa, kowace gaɓa kuma ta aiko da nata rahoto. Abin lura a nan shi ne hanyar biyu ce. Ƙwaƙwalwar da ke ba da umurni amma ba ta jin abin da ƙafa ke ji, mai ita yana iya taka garwashi bai sani ba. Wannan ita ce babbar ɓarnar kuturta, domin ƙwayar cutar jijiyoyin ji take lalatawa, sai rauni ya samu, ya ruɓe, mai shi bai ji zafi ba.

Wanda ya shiga sorayen Gidan Makama ya ɗaga kai, zai ga darasin ƙashi. Magina sukan jera azara ta giginya, su ɗaure ta gaɓa-gaɓa, su lanƙwasa ta daga bango zuwa bango, su lulluɓe da ƙasa, shi ne ake kira bakan gizo. Azara ita ce ƙashi, ƙasa ita ce tsoka. Hikimar da ta sa bakan gizo yake ɗaukar nauyin rufi ita ce ta sa lanƙwasar tafin ƙafa take ɗaukar nauyin mutum, ita ce kuma ta sa haƙarƙari 12 na dama da 12 na hagu suke kewaye huhu da zuciya su tsare su ba tare da sun hana su motsi ba.

Kurmi da Zuciya

In an baro fada aka nufi arewa maso yamma, sai hanya ta fara matsewa, hayaniya ta fara ƙaruwa, har a iso Kasuwar Kurmi, wadda ita ma a zamanin Rumfa aka kafa ta. Nan ce zuciyar tsohon birni. Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗakuna huɗu, tana bugawa kimanin sau 70 a minti ɗaya, watau wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, kuma ko yana hutawa zuciya takan tura kusan wannan adadi a kowane minti. Zuciya ba ta ƙirƙirar jini, a ɓargo ake yin sa, kuma ba ta ajiye shi. Aikinta karɓa da turawa.

Haka Kurmi take. A dā goro yakan zo daga Gwanja, gishiri da kanwa daga arewa da gabas, kayan Larabawa daga Tarabulus ta hamada, su kuma turkuɗi da jan fata da takalma na Kano su fita zuwa Barno da Agadas da Tambutu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin kimanin 30,000, ya ce kuma adadin yakan ninka a lokacin fatauci. Sunayen unguwannin da ke kewaye da kasuwa shaida ne na wannan gudana. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa da Alfindiki, kowace tana faɗar inda mutanenta suka fito ko abin da ya kawo su.

An daɗe ƙwarai kafin a gane cewa jini kewayawa yake yi. Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira wanda ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa babu wata kafa a bangon da ya raba zuciya biyu, jini yana fita ne daga ɓangaren dama ya ratsa huhu sa'an nan ya komo ɓangaren hagu. A shekarar 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da kewayen gaba ɗaya, kuma da lissafi ya kafa hujja. Ya nuna cewa jinin da zuciya ke turawa a sa'a ɗaya ya fi nauyin mutum, saboda haka ba zai yiwu a ce sabo ake yi kullum ba, lalle shi ɗin ne yake tafiya yana dawowa. Darasin kasuwa ke nan. Arzikin birni yana cikin kewayawar dukiya, dukiyar da ta tsaya wuri ɗaya kuwa kamar gudan jini ce da ya toshe jijiya.

Lungu

A nan aka zo ga ainihin magana. Harvey ya san jini yana fita ta wasu jijiyoyi yana dawowa ta wasu, amma bai ga inda suka haɗu ba, har ya rasu a 1657. Bayan shekara huɗu, a 1661, Marcello Malpighi na Italiya ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girma, ya ga wasu 'yan hanyoyi waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Saboda ƙuncinsu, jajayen ƙwayoyin jini sai sun yi layi ɗaya bayan ɗaya suke wucewa. To, a cikin waɗannan 'yan hanyoyi kaɗai ake yin musaya. A nan iska mai amfani da abinci suke fita daga jini su shiga tsoka, a nan kuma dattin tsoka yake shiga jini. Manyan jijiyoyi dako kurum suke yi, ba sa ciyar da abin da suke wucewa ta gabansa.

Lungunan Kano su ne waɗannan hanyoyi. Tsakanin Kurmi da Dala, ta Koƙi da Bakin Ruwa da Madabo, akwai lungun da mutum biyu ba sa jerawa, sai ɗaya ya raɓe. A nan ne yarinya ke tallar ƙosai, mai ruwa ke tura kura, malami ke zaune a zaure da almajiransa, baduku ke ɗinki a dakali, maƙwabci ke jin tarin maƙwabcinsa da dare ya zo dubiya da safe. Titi yakan kawo buhun gero daga Dawanau, amma a lungu ne buhun ke zama mudu, mudu ya zama fura. Babban titi da gadar sama suna da amfaninsu, kamar yadda babbar jijiya take da nata. Sai dai duk wanda ya auna ci gaban birni da faɗin titi kaɗai, ya yi kamar likitan da ya ji bugun wuyan hannu ya sallami maras lafiya bai duba yatsun ƙafarsa ba.

Ciwon sukari misali ne da ya dace. Yakan ɗauki shekaru yana cin ƙananan hanyoyin jini a ɓoye, a ido da ƙoda da ƙafa, alhali zuciya tana bugawa daidai, mutum yana harkarsa. Ran da abin zai fito fili, sai a ga gani ya ragu, ko gyambo ya ƙi warkewa a yatsa. Haka unguwa take lalacewa. Kwata ta cushe, famfo ya ƙafe, wani ya ciyo lungu da gini, motar asibiti ko ta kashe gobara ta kasa kusantar gida, duk kuwa ana kallon fitilun babban titi ana cewa birni ya ci gaba.

Jakara da Ƙoda

A gefen Kurmi matafiyi zai gamu da Jakara, kuma sau da yawa hanci ne yake fara ba shi labarinta. Clapperton ya ambaci wannan fadama da ta ratsa birni, ya kuma danganta ta da rashin lafiyar mazauna. Jakara ita ce ke kwashe ruwan tsohon birni ta yi arewa maso gabas da shi, kuma a cikin shekarun 2010 aka shiga aikin rufe wani sashe nata da titi. Tare da ita akwai kududdufai, watau ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda ke tare ruwan sama da damina.

Aikin ƙoda ke nan. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya. Su biyun sukan tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kwana ɗaya, su mayar da kusan dukkansa, su fitar da wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Ba a yi wa ƙoda kirari kamar yadda ake yi wa zuciya, amma in ta tsaya, ƙafa da fuska sukan kumbura, guba ta taru a jini. Kududdufi ba abin sha'awa ba ne, yana tara sauro da shara, yara kuma kan faɗa ciki. Amma duk wanda aka cike aka yi gini a kansa ba tare da an yi wa ruwa wata hanya ba, ruwan da yake sha a dā sai ya nemi ɗakin wani. Ambaliyar da ke rushe gidajen ƙasa a watan Agusta ita ce kumburin birni.

Akwai wani likita wanda ya gane wannan da ƙafarsa. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe fiye da mutum 500 cikin kwana goma. Yawancin likitocin lokacin sun ɗauka mugun wari ne ke kawo cutar. John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda kowa ke ɗibar ruwa, ya sa alamar mamata a taswira, sai ya ga sun taru a kewayen famfo ɗaya na titin Broad. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa wata masai ce ke tsiyaya cikin rijiyar. Ilmin bin sawun annoba, wanda ake koyarwa a makarantun likita na duniya, wani babban tushensa tafiyar ƙasa ce a lungu.

Dala da Huhu

Ƙarshen tafiya shi ne hawan Dala, inda masu binciken ƙasa suka sami alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7. Mai hawa zai ji numfashinsa ya ƙaru. A zaune mutum yakan shaƙa sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, amma da cinya ta fara aiki sai ta nemi ƙarin iska, zuciya ta ƙara sauri, ƙirji ya buɗe. A cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska miliyan ɗari-ɗari, kowace an naɗe ta da irin hanyoyin nan da Malpighi ya gani. Huhu galibinsa fili ne, kuma wannan fili shi ne amfaninsa.

Barth ya hau Dala ya zana birnin daga can. Shi da Clapperton duka sun lura cewa gidaje ba su cika cikin ganuwa ba, babban kaso gonaki ne da filaye, inda ake noma ko da an kewaye birni da yaƙi. Mai hawa a yau zai hangi Gwauron Dutse a yamma, ya hangi hasumiyoyin masallaci, sauran kuwa rufin kwano ne iyakar ganinsa, ga ƙurar hunturu da hayaƙin ababen hawa a bisa. Filin wasa da filin idi da maƙabarta da inuwar darbejiya su ne ragowar huhun birni. Duk filin da aka yanka aka yi rumfuna, an rage wa miliyoyin mutane numfashi.

Kammalawa

Kowane kwatanci yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗi iyakar wannan. Ƙwayoyin jiki ba su da zaɓi, hanta ba ta iya cewa ta gaji ta koma aikin huhu. Mutanen birni kuwa masu hankali ne da 'yanci da haƙƙi. Sau da yawa an yi amfani da wannan kwatanci a gaya wa talaka cewa shi ƙafa ne, aikinsa ɗaukar kaya, wani kuma kai ne, aikinsa hutawa. Ilmin ƙirar jiki bai goyi bayan haka ba. Abin da ya nuna shi ne jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa shi ne ke zuwa ɗan yatsan ƙafa, kuma abin da ya taɓa hanci idanu ruwa suke yi.

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo abu uku. Na farko, masu tsara birni da jami'an lafiya da ɗaliban likita suna bukatar su taka unguwannin da suke yi wa aiki, da rani da damina, kafin su zana layi a takarda. Na biyu, duk titin da za a gina a bar wa mai ƙafa gefensa da inuwarsa da wurin tsallakawa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiya ita ce motsa jikin da ba ta bukatar kuɗi. Birnin da ya hana mutane tafiya yana noma musu hawan jini da ciwon sukari. Na uku, kwata da lungu da kududdufi da fili su sami kason da ya dace da su a kasafi, ko da ba a yanka musu ƙyalle ran buɗewa.

Shi kuwa matafiyin, in ya sauko daga Dala ya biyo ta Ƙofar Wambai wajen majema, ya leƙa karofin Ƙofar Mata, ya nufi tasha, zai ga motoci suna sauke gero da dawa da gyaɗa da shinkafa da dabbobi, waɗanda wasunsu daga ƙasarsu suka fito. Tumbin giwa, duk girmansa, ba ya noma abin da yake ci. Hanyar da ta taso daga Fagam ta ratsa Birnin Kudu da Wudil ita ma jijiya ce ta wannan jiki, kuma lafiyar Kano tana rataye da lafiyar gonakin da ke ƙarshenta.